Dinozor na ƙyalle: mai dogon wuya ko mai ƙafa biyu?

Ƴar'uwa, kin ce tun da aka kai ɗanki gidan adana kayan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai ya ga ƙasusuwan dinozor bai bar ki kin huta ba, kuma kina so ki ɗinka masa da hannu tunda ba ki da keke. Kin tambaya wanne za ki yanka, mai dogon wuya da ƙafa huɗu, ko mai tsayuwa da ƙafa biyu da manyan haƙora. Ni dai mai dogon wuyan zan ce ki fara da shi.

Abin daɗi, duka biyun akwai namu na gida. Mai dogon wuyan shi ne irin Jobaria, wanda ayarin Paul Sereno, masanin ƙasusuwan halittun da, ya tono a jihar Agadez a 1997. Mai ƙafa biyu kuwa ba sai kin je neman T. rex ba, wanda a Amurka ta Arewa ya rayu. Muna da Suchomimus mai dogon baki irin na kada, shi ma a 1997 aka samo shi a hamadar Tenere.

Wajen yanka, mai ƙafa huɗu ƙyalle uku kawai yake ci: gefe biyu, sai na ƙarƙashi wanda ya haɗa ciki da ɓangaren ƙafafu na ciki. Wannan na ukun shi ke buɗe ƙafafun ya tsaya da kansa. Ki zana a kwali, ki ɗora a kan yadi, ki bi da alli, ki bar santimita 1 na ɗinki. Mai ƙafa biyu sai kin yanka jiki daban, cinyoyi daban, tafin ƙafa daban, ga ƴan hannuwa guda biyu waɗanda juya su bayan ɗinki kaɗai ya isa ya sa mutum ya ajiye allura. Bayan duk wannan wahala, kan ya fi jikin nauyi, kina ajiye shi sai ya kife. Dole wutsiya ta yi kauri ta taɓa ƙasa, ta zama ƙafa ta uku, kamar duwatsun murhu.

Amma mai dogon wuyan ma yana da tasa matsalar, kuma a wuyan take. Idan kika yanka shi siriri don ya yi kama da na gaske, ba zai juyu ba, in ma ya juyu zai langaɓe cikin mako guda, domin nan ne yaro yake riƙewa yana jan abinsa a tsakar gida. Kada faɗin wuyan ya gaza santimita 5, kuma gindinsa ya fi samansa faɗi. Ki yi ɗinki mai komawa baya, ƙanana a matse, ki maimaita sau biyu a mahaɗar wuya da jiki. Kafin ki juya, ki ɗan tsattsaga bakin yadin da almakashi a duk inda ya lanƙwasa, ba tare da kin taɓa zaren ba, in ba haka ba zai tattare. Cusawa daga kai ake farawa, kaɗan-kaɗan, ana dannawa da gindin fensir har wuyan ya yi tauri. Cikin ne ake bari da laushi. Waya ko kara a cikin wuya kada ki soma, wata rana sai sun huda yadin.

Maganar haƙora, na san su ne suka ja hankalin yaron. Farin ƙyalle a ƙurar Yamai, balle lokacin hunturu, kwana biyu ya koma ja. In ya nace, ki jera masa ƴan ƙyallaye masu kusurwa uku a gadon bayan mai ƙafa huɗun, ki cusa su tsakanin gefe biyun kafin ki ɗinke. Yara ba sa ƙin wannan. Kuma Ouranosaurus, wani dinozor na Gadufawa a hamadar Tenere, wanda masani Philippe Taquet ya bayyana a 1976, da ma da tudu a bayansa.

Yadi da abin cusawa ɗaya ne ga duka biyun. Ragowar atamfa ta wadatar, teloli na unguwa suna da ita buhu-buhu, sai dai ki wanke ta tukuna don ta gama zuba da tsukewa. Audugar rimi tana da laushi amma ba ta son ruwa, auduga kuma tana dunƙulewa bayan wanki. Farar audugar roba ta cikin tsohon matashin kai ita ce ke wankuwa ta bushe ta koma yadda take.

Ba ki faɗi shekarun yaron ba. In bai kai 3 ba, ko yana da ƙani mai rarrafe, ki yi idon da baƙin zare, ban da maɓalli ko dutsen ado, domin ciro su suke yi su kai baki. Mai ƙafa biyun ki bar shi sai hannunki ya saba, ko ki yanka ki kai wa mai keke ya haɗa miki cinyoyin da hannuwan, ke ki cusa ki rufe.