Hattara da dillalan takardar saki

'Yan uwa mazauna Amurka, musamman masu shirin cike fom I-130 don ɗauko mata ko miji daga gida, ku yi hattara da wasu dillalai da ke tallata kansu a WhatsApp da Facebook. Cewa suke yi hukumar shige da fice ta Amurka (USCIS) ba ta karɓar takardar sakin auren baya sai su ne suka fassara ta suka buga mata hatimin notari. Daga nan sai su yanka maka kuɗi mai tsoka.

Ƙarya ce. Abin da ƙa'ida ta nema kaɗan ne: takardar da ba da Ingilishi aka rubuta ba, ta Faransanci ce daga Yamai ko ta Hausa daga kotun shari'a, a haɗa ta da cikakkiyar fassara, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu kuma bai rage komai ba. Notari a Amurka ba lauya ba ne. Iyakar aikinsa ya shaida wanda ya sa hannu. Mutanenmu na Nijar na iya faɗawa wannan tarko, don a can notari babban masanin doka ne.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Inda abin ya fi muni shi ne in ka ce sakin baki aka yi, ba takarda. Sai ka ji: "Kada ka damu Alhaji, ina da mutum a kotu." Su kawo maka takarda da jan hatimi, an mayar da kwanan wata baya. To, ana aika irin waɗannan takardu a bincika su a kotun da aka ce ta bayar, a duba lambar shari'ar da sunan alƙali. Kuma auren da aka ɗaura a rajista a Najeriya, Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, sakin ma ba ya tabbata sai wata 3 bayan hukuncin farko. Dillali bai damu da wannan ba.

In aka gano jabu ce, za a ƙi buƙatar, kuma sashe na 212(a)(6)(C)(i) na dokar shige da fice na iya haramta wa mutum biza har abada. A lokacin dillali ya riga ya canza lamba.

Tura ɗan uwanka kotun da ta raba auren da kansa ya karɓo kwafi daga magatakarda. Shawara kuwa, a wurin lauya mai lasisi ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta amince da shi.