Keken dutse na hannu da na saya: yadda ya yi min a bakin dam ɗin Kangimi

Mutane sun dame ni da tambaya a kan keken nan, wai ya ci kuɗinsa ko ado ne kawai, to yanzu da na kai shi daji, inda aka ƙera shi domin shi, ba kwaltar Ahmadu Bello Way ba, zan iya magana da ƙarfin gwiwa.

Na hannu ne, irin masu shigowa daga Turai. Jikinsa alminiyom, da hannu ɗaya zaka ɗaga shi ka tsallake kwari. Taya inci 29, shakazoba a gaba kawai, baya babu, giya ta Shimano, birki kuma na faifai ne mai aiki da mai. Kuɗin ya ciji aljihu gaskiya, amma bai kai rabin na sabo ba.

Mun ɗora kekunan a mota ni da abokaina, muka tashi daga Kaduna muka bi hanyar Zariya zuwa Maraban Jos sannan muka karkata hanyar Jos, dam ɗin yana cikin ƙaramar hukumar Igabi, an tare kogin Kangimi ne saboda a riƙa taimaka wa ruwan Kaduna lokacin rani. Babu wata hanyar keke da aka share a wajen, sawun masunta ne da burtalin shanu da 'yar hanyar babura, wani wajen jan marmara, wani wajen yashi, wani wajen kuma saiwoyin itace sun fito fili, ga ɗorawa da kaɗanya sun yi inuwa, ruwan yana leƙo ka ta tsakanin bishiyoyi. Wallahi ban san muna da waje mai kwantar da rai haka kusa da gari ba.

Abin da ya fi burge ni birkin nan ne, kuma shi nake so duk mai niyyar saye ya fara dubawa kafin ya tsaya ƙirga giya. Akwai wata gangara da ke sauka kai tsaye zuwa bakin ruwa, tsakuwa ce zalla tana zamewa, ƙasanta kuma taɓo ne da shanu suka tattake. Da yatsa ɗaya na riƙe, keken yana sauka a hankali yadda nake so, ko da tayar ta shiga taɓo ta fito birkin bai canza ba, saboda faifan yana tsakiya kusa da aksil, laka bata cika kai masa ba. Ɗaya daga cikinmu nasa birkin roba ne mai kama bakin wili, tayarsa na jiƙewa ya fara ƙugi yana ƙin kamawa, sai da ya sauka ya tura. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda kuɗinka ya tafi.

Sai faɗin taya da girmanta. Inci 29 tana hawa saiwa da ƙananan duwatsu bata tokarewa kamar mai inci 26, kuma in ka rage iska kaɗan sai ta baje ta kama ƙasa, yashi ya daina kwashe ka. Masu faci na gari sun saba ɗura iska har taya ta koma kamar dutse, a kwalta hakan ba laifi, amma a daji wahala ce, keken zai ta tsalle da kai ne kawai. Ba banza masu tseren daji suka koma wannan girman ba, wasa ne fa babba, tun 1996 aka sa shi cikin gasar Olamfik a Atlanta ta Amurka.

A bakin ruwan mun tarar da wani dattijo yana gyaran koma, muka gaishe shi, ya zagaya keken ya latsa shakazobar da hannu yace "Samari, wannan ai babur ne aka cire wa inji." Nace "Baba ai ƙafa ce injin." Shi ya nuna mana inda zamu bi mu kauce wa fadama, ya kuma ce kar mu bari la'asar ta same mu a ciki, muka ce to Baba mun gode, Allah ya ƙara girma. Maganar tsaro ba abin wasa bace a jihar nan, kowa na tuna yadda aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a 2021, don haka kar kowa ya shiga daji shi kaɗai, a tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin a taso, a fita da sassafe a dawo da rana tsaka.

Inda keken ya gaza kuwa, ƙaya ce. Tsidau da farar ƙaya sun cika wajen, tayar kuma mai tif ce, sai da na tsaya faci a hanya rana na dukana. Sirdin ma siriri ne mai tauri, tunda baya babu shakazoba ƙugunka ne zai sha duk wani rami sai in ka koyi miƙewa a kan feda. Ƙura kuma tana cin sarƙa, in baka wanke ka sa mata mai bayan ka dawo ba giya zata fara tsallake. Babbar damuwata ita ce gyara, yawancin masu gyaran keke a unguwanni basu saba da birkin mai ba, na zagaya sosai kafin na samu wanda ya iya cire masa iska, abin da ke kama faifan birkin ma sai an yi oda.

Wanda zirga-zirgarsa daga Kawo zuwa kasuwa ce, bana ba shi shawara ya kashe wannan kuɗin, keke na gama-gari ya wadatar. Amma mai son shiga daji da gaske, ya saya, ya haɗa da hular kwano da ƙaramin famfo da kayan faci da ruwa mai yawa. Ni dai abin da ya rage min shine in canza tayoyin zuwa marasa tif, masu ruwan gam a ciki da ke toshe hujin ƙaya da kansa, in sha Allahu kafin damina ta sauka.