Wace Na'urar VR Za Ka Saya Idan Gem Na Ban Tsoro Kake So?

Mai buga gem na ban tsoro a talabijin yana da mafitar da bai ma san yana da ita ba. Idan abu ya yi tsanani, sai ya kau da kai ya ga bangon ɗakinsa, hankalinsa ya dawo jikinsa. Da zarar ka ɗaura na'urar VR a fuska, wato tabarau mai allo da ke rufe ido ya sa ka ji kamar kana cikin gem ɗin, wannan mafita ta tafi. Ka waiga hagu, kana cikin gidan. Ka waiga baya, ga ƙofar da ka shigo ta cikinta, kuma mai yiwuwa wani abu na tsaye a bakinta. Shi ya sa ba a zaɓar na'ura don irin wannan gem kamar yadda ake zaɓar ta don tseren mota ko motsa jiki. Abin dubawa a nan shi ne yadda take nuna duhu, yadda take kai sauti kunne, da kuma gem ɗin da ake samu a kanta.

Bari mu fara da duhu, domin rabin tsoron a cikinsa yake. PlayStation VR2 ta kamfanin Sony, wadda ta fito a Fabrairun 2023, tana da allo irin na OLED. A wannan allo kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, saboda haka inda ya kamata a ga baƙi sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya, wurin ya yi baƙi ƙirin. Quest 3 da Quest 3S na kamfanin Meta kuwa allon LCD gare su, mai fitila a bayansa da ba ta mutuwa, don haka duhunsu toka-toka ne, kamar an shimfiɗa siririn hazo a gabanka. A gem mai rana da launuka ba za ka damu ba. Amma ka shiga ƙarƙashin gidan Beneviento a cikin Resident Evil Village, inda aka raba ka da makamanka, wuta ta ɗauke, kana jin kukan wani abu yana matsowa ta lungu. A nan bambancin yake fitowa fili: a OLED idonka ba ya ganin komai sai ɗan abin da haske ya taɓa, zuciyarka ce ke cike sauran.

Ban da allon, na'urar Sony tana bin motsin ƙwayar ido, kuma tana girgiza a kanka. Gem ɗin The Dark Pictures: Switchback VR ya yi amfani da wannan ta hanyar da ke tayar da tsikar jiki: akwai wurin da abubuwan da ke kewaye da kai ba sa motsi sai ka ƙifta ido. Kana ƙiftawa, sun matso. Za ka tsinci kanka kana zare ido har hawaye ya taru. Sannan kamfanin Capcom ya ba da yanayin VR na Village da na sabon Resident Evil 4 kyauta ga duk wanda ya mallaki gem ɗin a PS5, wato na'urar gem ta PlayStation 5, kuma cikakken labarin ake bugawa daga farko har ƙarshe. A ganina waɗannan biyun kaɗai sun isa dalilin saye.

Sai dai tana da nata nauyin. Ba ta aiki ita kaɗai, dole sai da PS5 ko kwamfutar gem, don haka wanda ba shi da ko ɗaya kuɗi biyu zai kashe. Ta fito a kan dala 549, aka rage ta zuwa 399 a Maris ɗin 2025. Waya ce ke haɗa ta da PS5, mai tsawon kusan mita huɗu da rabi, kuma idan razana ta sa ka juya da sauri za ka ji ta a ƙafarka. Gilasan cikinta suna son a daidaita su daidai tsakiyar ido kafin hoto ya fito tas, kuma a wuri mai duhu wasu na lura da ɗan dishi-dishi kamar ƙura a kan allon. Ga wani tarko da ya kamata a sani: gem ɗin tsohuwar PlayStation VR ba sa aiki a kan sabuwar. Wanda ya saye ta da niyyar buga Resident Evil 7 na 2017 a VR zai sha mamaki.

Quest 3, ta Oktoban 2023, kwamfutarta na cikinta. Babu waya, babu wata na'ura ta biyu. Ka ɗaura, ka zana iyakar ɗakinka, ka fara. Gilasanta sun fi na Sony tsabta nesa ba kusa ba, rubutu yana fitowa sarai har gefe-gefe. 'Yancin juyawa da durƙusawa ba tare da tunanin waya ba yana da daɗi ƙwarai a gem irin The Walking Dead: Saints & Sinners, inda kake leƙa durowa da hannunka kana kasa kunne. Akwai kuma tsohon Resident Evil 4 da aka sake ginawa don Quest a 2021, da Metro Awakening, da Five Nights at Freddy's: Help Wanted. Batirinta wajen awa biyu yake yi. Wannan bai dame ni ba, domin kaɗan ne ke iya jure awa biyu cur a cikin irin wannan firgici.

Ƙanwarta Quest 3S ta fito a Oktoban 2024 a kan dala 299, lokacin da babbar take 499. Ƙwaƙwalwarsu ɗaya, gem ɗinsu ɗaya. An rage kuɗin ne ta gilasai da ƙarfin hoto, da kuma wani abu ƙarami da masu saye ke mantawa: ba ta da ramin saka iyafis. Quest 3 tana da shi, na'urar Sony ma haka, har da iyafis a cikin kwalinta. Kada ka raina wannan. Lasifikan da ke jikin Quest a buɗe suke, kana jin fanka da hirar mutanen gida, tsoron ya tsinke. Takun sawu a bayanka, numfashi kusa da kunnen dama, waɗannan sai kunne a rufe. Na Bluetooth kuma yakan makara kaɗan, ka ga ƙofa ta buɗe kafin ka ji ƙararta. Idan 3S ce aljihunka ya kai, ka tanadi iyafis mai shiga ramin USB-C.

Hanya ta uku ita ce kwamfuta mai ƙarfin katin hoto. A nan ne kawai ake samun Half-Life: Alyx na kamfanin Valve, na 2020. Ba gem ɗin tsoro ba ne zalla, amma yana da babi guda da ake kira Jeff: wata makauniyar halitta mai kaifin ji, da ƙurar da ke sa ka tari. Don kada ta ji ka, sai ka ɗaga hannunka na gaske ka rufe bakinka, ka tsaya cak tana wucewa ta gabanka. Talabijin ba zai taɓa ba ka wannan ba. Phasmophobia ma yana nan, inda mutum huɗu ke farautar fatalwa tare kuma fatalwar na jin muryarku; tun 2024 akwai shi a na'urar Sony ma. Abin daɗin shi ne ba sai ka sayi na'ura ta musamman ba. Quest tana haɗuwa da kwamfuta ta waya ko ta Wi-Fi da manhajar Steam Link, ko da yake hoton da aka matse aka turo ta iska a wuri mai duhu yake fara nuna tabo. Sony ta fitar da ɗan mahaɗi a Agustan 2024 mai haɗa tata da kwamfuta. Baƙin OLED yana nan, amma girgizar kai da bin ido ba sa cikin abin da Sony ta buɗe a can.

To, ga yadda zan yanke. Kana da PS5 kuma tsoro ne ya kawo ka, ɗauki PlayStation VR2 ba tare da dogon tunani ba. Ba ka da komai a ƙasa, Quest 3 ce, ta fi 3S idan za ka iya haƙurin tara cikon. Kana da kwamfutar gem, kowace daga cikinsu za ta yi, sai ka zaɓa tsakanin baƙin duhu da rashin waya.

Saura jiri. Idan ido ya ga kana tafiya alhali jiki na tsaye, tashin zuciya kan biyo baya, kuma gem na tsoro na ƙara shi da gudu da juyi. Ka fara da wanda ake bugawa a wuri ɗaya kamar Help Wanted, ka kunna juyi na tsalle-tsalle da duhunta gefen ido a cikin saiti, ka cire na'urar da zarar gumi mai sanyi ya fara. Ka share fili kamar mita biyu ta kowane gefe, ka sa igiyar hannun gem a wuyan hannunka, domin razana ba ta shawara kafin ta wurgar da abin da ke hannu. Sony ta ce na'urarta ba ta yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba ce, yawancin waɗannan gem ɗin kuma na manya ne.

Kafin ka biya kuɗin gem, duba ƙa'idar mayarwa. Steam, shagon gem na kwamfuta, da shagon Meta suna mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba ka kai awa biyu kana bugawa ba, wanda ya ishe ka gane ko cikinka da zuciyarka za su ɗauka. A shagon PlayStation kuwa, galibi da ka fara sauke gem ɗin damar ta wuce, don haka a can sai ka kalli bidiyonsa sosai tukuna.