Kafin ka sayi fitilu masu jin umarnin waya, ƙirga su tukuna

Ƙwan fitila ɗaya da ake kunnawa da waya ba ya ba kowa wahala. Matsalar tana farawa ne idan sun kai takwas a falo, huɗu a tsakar gida, biyu a zaure, kuma kana so da taɓi ɗaya falo ya dusashe, waje ya haskaka. A nan ne tsarin da ka zaɓa zai nuna halinsa. Shi ya sa nake ba mai saye shawara ya fara zagaya gidansa ya ƙirga ƙwayaye da makunnai, sannan ya je kasuwa.

Mafi sauƙin samu su ne masu Wi-Fi, irin Tapo na TP-Link, da WiZ, da tarin waɗanda ke aiki da manhajar Tuya ko Smart Life. Ba sa buƙatar ƙarin na'ura, kuma sun fi araha. Sai dai kowane ƙwai na'ura ce mai cin gashin kanta a kan rautarka, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. Ƙananan MiFi da yawa iyakarsu na'ura 10 zuwa 16, ga wayoyin mutanen gida da talabijin sun riga sun cinye rabi. Yawancin ƙwayayen kuma a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke aiki. Idan ka haɗa su rukuni, sau da yawa umarnin yana zuwa wa kowanne daban, sai ka ga suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ɗaya ya ƙi kamawa ɗungurungum. Ga ɗaki guda mai ƙwai uku ko huɗu, sun wadatar.

Masu Bluetooth ba sai an daɗe a kansu ba. Ƙwayayen Philips Hue na wannan hanya suna tsayawa ne a 10, kuma dole kana kusa da su.

Idan fitilun sun haura goma, ni dai Zigbee nake zaɓa, wata hanyar sadarwa ta iska daban da Wi-Fi. Shi ne abin da Philips Hue ke amfani da shi tun fitowarsa a 2012, haka ma fitilun Trådfri na IKEA. Akwai ƙaramin akwati da ake jonawa da rauta, shi ke magana da ƙwayayen, don haka rauta na'ura ɗaya kawai take gani. Akwatin Hue da aka fi sani yana riƙe fitila kusan 50. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda rukuni ke aiki: kowane ƙwai yana ajiye lambar rukuninsa a jikinsa, akwatin ya aika saƙo guda, duk waɗanda lambar ta shafa su amsa tare. Ban da haka, kowane ƙwai mai wuta yana miƙa saƙo ga na gabansa, don haka fitilar bakin ƙofa da rauta ba ta kai gare ta ba tana samun umarni ta hannun maƙwabtanta. A gidan bulo mai katangu masu kauri wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin farawa ya fi yawa, gaskiya ne, amma idan data ta ƙare, rimot da jadawalin kunnawa da kashewa suna ci gaba da aiki, domin abin yana cikin gida.

Wannan batu na dogaro da intanet kada a raina shi. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka, mai yin irin waɗannan kaya, ya kashe kwamfutocinsa na intanet da manhajarsa ta dogara da su ba sanarwa, manhajar masu amfani da shi ta daina aiki dare ɗaya. Tambayi mai sayarwa kai tsaye: idan na cire intanet, zan iya kashe fitilun falo duka? In ya yarda, a gwada a gabanka. Kwalin da ke ɗauke da tambarin Matter, ƙa'idar da aka fitar a ƙarshen 2022, yana nuna kayan zai iya aiki da tsarin Apple, Google, Amazon ko Samsung kuma ta cikin gida ba sai da intanet ba, wanda ke rage maka ɗaurewa ga kamfani guda.

Akwai kuma makunnin bango. Ƙwai mai jin umarni yana buƙatar wuta dare da rana. Da zarar wani ya kashe makunni kamar yadda ya saba, ƙwan ya fita daga rukuni, a Zigbee ma ya yanke hanyar na gabansa. Kuma ba daidai ba ne a ce sai Hajiya ko baƙo sun nemi wayar maigida kafin su ga haske. Saka rimot mai batir a kasafinka, a liƙa shi inda makunni yake. Idan kuwa silin falonka na da ƙananan fitilu goma sha biyu a kan makunni ɗaya kuma ba ka damu da sauya launi ba, bar ƙwayayen yadda suke, ka sa makunni mai jin umarni irin na Sonoff ko Shelly. Rukunin ya riga ya haɗu a wayar wuta. Amma mai aikin wuta ya fara duba ko wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta iso ramin makunnin, domin yawancinsu suna buƙatarta.

Ga wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta, ka nemi ƙwan da ake iya saita abin da zai yi idan wuta ta dawo. Da yawa suna kamawa da cikakken haske, ko da ƙarfe ukun dare ne yara na barci. Hue da Tapo suna da zaɓin komawa yadda aka bar su. Akwatin da rautar kuma a ɗora su a kan inbata.

Mai odar kaya daga waje ya karanta kwali da kyau. Ƙwayayen kasuwar Amurka na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 240 ce. Duba gindin ƙwan ma: E27 shi ne mai murɗawa, B22 mai ƙusoshi biyu, E26 kuma na Amurka ne.