Kwaɗon roba ko 'ya'yan kwaɗi a bokiti: amsa ga Malama

Malama, kin tambayi wanne ya fi don koya wa yara a aji: tsakanin kwaɗon roba na shago da 'ya'yan kwaɗi masu rai, ki ɗauki masu rai. Na robar yana nan a kabad ɗina, amfaninsa ɗaya ne: ƙirga ƙafafu.

In damina ta sauka a Kaduna, kududdufi ba ya wuya. Babba ya ɗebo 'ya'yan kwaɗin nan masu jela da rariya, kamar 10 zuwa 15, cikin farar roba mai faɗin baki. Kada yara su shiga ruwan, saboda tsargiya. Zurfin ruwa kada ya wuce tsawon yatsa biyu, kuma na sama ko na kududdufin. Na famfo yana da kulorin mai kashe su, sai ya kwana biyu a buɗe. A ajiye a inuwa, komai son kwaɗo da ruwa ban da na zafi. Abincinsu dafaffen ganyen alayyahu, ɗan tsunke kullum; in ya yi yawa ruwan ya ruɓe. Ki rage sulusin ruwan duk bayan kwana 3 ki ƙara sabo.

Ƙafafun baya ke fara fitowa, sai na gaba, jela ta riƙa shanyewa. Ranar da na gaba suka ɓullo ki sa dutse da ya leƙo saman ruwa, don huhu ya fara aiki, in ba wurin hawa nutsewa suke. A nan aji ke daɗi. Yara sun zagaye robar shiru, wani ya nuna ɗaya da ya lafe, idanu da hanci kawai a waje, ya ce yana leƙen maƙiyi ne. Sai ki tambaye su amfanin fatar da ke tsakanin yatsun baya, da dalilin da jikinsa ke son danshi: da fatar yake shan ruwa, yana kuma numfashi da ita.

In dole sai kin sayi na roba, ki duba da kyau. Wasu masu shago kayan wasan jarirai suke miƙo miki da sunan kayan koyarwa, kuɗi ninki biyu. Kwaɗo yatsu 4 gare shi a gaba, 5 a baya. In ba haka ba ki bar musu.

Jela na ɓacewa a mayar da su inda aka ɗebo su, yara su wanke hannu da sabulu.