Zarton lantarki ko addar mahauci: amsa ga masu shirin watanda

Malam, ka ce ku bakwai kuka haɗa kuɗi za ku sayi bijimi a kasuwar dabbobi ta Turaku da ke Yamai domin layyar bana, kuma ka ga zarton lantarki mai kai da komowa a kasuwar Katako, wanda masu shago ke kira scie sabre da Faransanci, shi ne kake tambaya ko ya fi adda da gatarin da muka saba gani a hannun mahauta, da kuma ko zai yi amfani ga naman daji. Na yi aiki da su duka, har da zarton hannu na nama, kuma a ganina na lantarkin aiki guda ya fi su iyawa, wato raba gadon baya da yanke manyan ƙasusuwa. Sauran aikin na wuƙa ne, tun daga yanka, wanda babu abin da ke maye gurbin wuƙa mai kaifi a cikinsa, har zuwa fiɗa da fitar da kayan ciki.

Adda ba ta neman wuta, ba ta neman batir, ana wanke ta a minti guda, kuma a hannun gwanin mahauci tana da saurin da ke ba mutum mamaki. Aibinta shi ne fasa ƙashi take yi, sai tsiraran ƙasusuwa masu tsini su shige cikin tsoka, a je a same su a miya ko a bakin yaro. Sannan idan ana rabon mutum bakwai, saran da ya karkace daga tsakiyar gadon baya yakan sa ɓari ɗaya ya fi ɗaya nama, daga nan kuma gunaguni ke farawa tsakanin abokan watanda.

A nan ne zarton lantarki yake nuna kansa. Idan an rataye sa ta ƙafafun baya, aka fara tsaga naman bayan da wuƙa har zuwa ƙashi, sai a ɗora zarto daga gindin wutsiya a gangaro zuwa wuya, ana bin tsakiyar ƙashin, kuma cikin ƴan mintoci sa ya rabu biyu daidai. Haka yake yi wa ƙashin ƙirji, da ƙwauri idan ana son ɓargo ya fito fili, da haƙarƙari, wanda guda 13 ne a kowane gefe ga sa da rago da akuya, don haka ana iya lissafa rabon kowa kafin a taɓa shi. Ruwan zarton, wato ƙarfen mai haƙora, yana kai da komowa har kusan sau 3,000 a minti, amma ba a buƙatar wannan gudun duka, domin gudu mai yawa yana ɗumama ƙashi, ya narkar da kitse, ya kuma watsa garin ƙashi a kan nama. A matsa shi a hankali, a riƙe da hannu biyu, a kuma jingina takalmin ƙarfen da ke gindin ruwan da ƙashin, in ba haka ba naman ne zai riƙa rawa tare da zarton ba tare da ya yanku ba. Tsoka zalla kuwa yagalgala ta yake yi.

Sai dai ka tuna ba domin nama aka ƙera shi ba. Kamfanin Milwaukee na Amurka ne ya fito da shi a 1951 da sunan Sawzall, domin magina da masu yanka katako da bututu, shi ya sa jikinsa a buɗe yake, akwai man inji a sandar da ke tura ruwan, kuma jini da kitse da garin ƙashi suna shigewa cikin maƙalar ruwan inda soso ba ya kaiwa. Ba za ka iya tsoma shi a ruwa ba. A zafin Yamai, inda ake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, abin da ya maƙale a ciki yakan yi wari kafin gari ya waye, kuma shi ne zai taɓa naman da za ka yanka gaba. Dabarar da nake yi ita ce in naɗe gaban injin da leda in bar ramukan shan iska a buɗe, in an gama in cire ruwa da takalmin in wanke su da ruwan zafi da sabulu, in ɗauraye da ɗan ruwan jabel, sannan in bi maƙalar da tsohon buroshin haƙori. Wanda ba zai iya wannan wahalar ba, gara ya tsaya ga addarsa.

Ruwan da ake sayar da injin da shi na yankan katako ne ko na yankan ƙarfe, kuma da fenti a jikinsa. Karon farko da na gwada, da irinsa na yi, sai ga fentin ya goge ya bi ƙashin tun daga sama har ƙasa, dole muka kankare wurin da wuƙa. Ka nemi ruwa na ƙarfe marar tsatsa, wanda ake kira inoks, marar fenti, mai tsawon santimita 30 ko fiye, ka kuma keɓe shi ga nama kawai. Mai ƙananan haƙora irin na yankan ƙarfe nan da nan kitse ke toshe shi. Na batir mai bolt 18 ya fi mani kwanciyar hankali a kan mai waya, saboda wurin fiɗa ba ya rabuwa da ruwa a ƙasa, ga shi ba ruwanka da ɗaukewar wuta ranar Salla.

Zarton hannu na mahauta yana tsakaninsu. Yankansa ya fi na adda tsabta, garinsa bai kai na lantarki ba, ana wanke shi gaba ɗaya, sai dai kafin ka raba bayan bijimin Azawak da shi gumi zai jiƙa maka riga.

Ga rago kuwa ban ga dalilin kashe kuɗin ba. Mu nan buɗe ragon layya ake yi gaba ɗaya, a soke shi da itatuwa a gicciye, a jera a gefen wuta ya yini yana gasuwa, kuma washegari idan aka zo rabo gaɓoɓinsa sun riga sun yi laushi, wuƙa da ƙaramar adda sun isa. Haka naman daji da ka ambata: zabo da zomo ba su da ƙashin da zai nemi zarto, manyan kuwa dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta kare da yawa daga cikinsu, sauran ma sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Tunda ku bakwai ne, in kuna da niyyar maimaita watandar kowace shekara, ku haɗa kuɗin injin kamar yadda kuka haɗa na bijimin, ku sayi ruwa biyu domin ɗaya yakan lanƙwashe a ƙashin ƙugu, ku kuma bar mahaucinku ya tsaga layin da wuƙa kafin mai zarto ya matso.