Kafin ka sayi tsohuwar motar gudu, taɓa libobin hita: Datsun 240Z, Porsche 911 ko MGB?

Mai neman tsohuwar motar gudu mai ƙofa biyu yakan duba fenti, ya saurari kukan inji, ya leƙa ƙarƙashi yana neman tsatsa, amma da wuya ka ga ya taɓa libobin hita. Wai me zai yi da hita a ƙasar zafi? To, akwati ɗaya ne ke kawo ɗumi, shi ke busar da gilashin gaba idan ya yi gumi da damina, shi ne kuma hanyar iskar waje. Sannan zafin da hitar ke bayarwa daga inji take aro shi. Idan ta lalace, ko dai tafasasshen ruwa ya zubo maka a ƙafa, ko hayaƙi ya shigo maka huhu.

Motocin nan gida biyu ne. Akwai masu lagireto: tiyo biyu na kai ruwan zafi da komo da shi tsakanin inji da wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa. Akwai kuma waɗanda iska ke sanyaya injinsu, ba ruwa ko ɗigo, irin Volkswagen Beetle da aka taɓa haɗawa a Legas. Su daga jikin salansa suke ɗebo zafi.

Porsche 911, tun daga ta 1964 har zuwa 1998, 'yar gida na biyu ce. An lulluɓe bututun salansa da rigar ƙarfe, fankar inji na tura iska tsakanin rigar da bututun, iskar ta yi zafi ta biyo ta ƙarƙashin ƙofofi zuwa gaba. A yawancin na kafin 1989, libar da ke buɗe mata hanya ba a dashbod take ba, tana ƙasa tsakanin kujeru kusa da birkin hannu, da jan kai. Na dashbod aikinsu raba iska kawai, sama ko ƙasa, shi ya sa sabon shiga zai yi ta turawa yana ja bai ji komai ba. A tsofaffin ciki, ƙarfin ɗumin na bin gudun inji: ka taka ka gasu, ka tsaya a danja ka ji sanyi. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin tsoro shi ne idan tsatsa ta huda bututun da ke cikin rigar, domin hayaƙin salansa zai gauraya da iskar da kake shaƙa, kuma gubar da ke cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai ne, sai gyangyaɗi, kana bisa titi. Mota ce ta gaske, ban musa ba, amma ga tsada, ga esin da ba ya iya zafin Maris.

MGB, wadda aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, sama da 500,000, ta fi kowa sauƙin fahimta. Maɓallan murɗawa biyu ne: ɗaya na jan wayar da ke buɗe bawul ɗin ruwa a jikin inji, ɗaya na zaɓar ƙafa ko gilashi. Sai dai wanda ya zauna ya dasa bawul ɗin nan daidai saman distiribita mai raba wa fulogi wuta, Allah kaɗai ya san abin da yake tunani. Ran da robar cikinsa ta tsage, ruwa zai ɗiga kan wuta, mota ta mutu a tsakiyar hanya. Kafin 1972 ma babu kafar iska mai hura fuska. Kuma ka tuna Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, don haka mai sitiyari a dama irin ta Ingila matsala ce, sai ka nemi wadda aka yi wa Amurka.

Triumph Spitfire ba ta wuce MGB a komai ba ta wannan fanni. Jaguar E-Type kyakkyawa ce, cikinta kuwa tanda. Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989, in dai irin ta Amurka ce ta ƙarshen shekarun 1970 mai daidaita zafi da kanta, ka bar wa mai ita: akwatin da ke sarrafa ruwan yana tsagewa, ga ƙananan tiyon iska rututu da ba bakaniken da zai so ganinsu.

Ni dai Datsun 240Z ce tawa, kuma ba na ɓoyewa. Nissan ta fito da ita a ƙarshen 1969, ta yi ta har 1973, inji mai silinda shida a jere, lita 2.4. Ita ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, wato ƙura da zafi ba baƙinta ba ne. Zauna a kujerar direba ka dubi tsakiyar dashbod. Libobi uku ne a jere, da maɓallin fanka na murɗawa. Ta sama ita ke zaɓar hanyar iska: a rufe, ko iskar waje kai tsaye, ko a bi da ita ta hita. Ta biyu ke jan bawul ɗin ruwan zafi. Ta uku ke raba ɗumin tsakanin ƙafa da gilashi. Kowace liba waya ce ta ƙarfe a bayanta, wayar na jan ƙyaure ko bawul, shi ke nan. Ba kwamfuta, ba tiyon iska. Ka tura liba, kunnenka zai ji ƙyauren ya rufe "ƙwas" a bayan dashbod. Idan ba ka ji ba, wayar ta kuɓuce daga maƙalinta ko ta lanƙwashe, gyaran da kowane bakanike mai haƙuri zai yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne iskar waje. Akwai zagayayyun kafofi biyu a gefe da gefen dashbod da kake juyawa su kalli fuskarka, da wata a tsakiya, kuma iskar da ke fita ta nan ba ta bi ta kan hita ba. Sannan a ƙarƙashin dashbod, hagu da dama, akwai 'yan maɓallan ja. Ka ja ɗaya, iska ta kwararo kan ƙafarka daga gaban mota, ba fanka ba komai, gudu kaɗai ke turo ta. Mai tafiya Jos da asubar hunturu zai so hita, amma sauran watanni waɗannan kafofin ne abin nema. Laifinsu ɗaya, ba matata, ƙurar hunturu duk ciki za ta sauka.

Tana da nata aibin, kada a ce na rufe. Siffar bayanta na sa hayaƙin salansa ya taru a gindin ƙofar baya, wato ta but, idan robar ƙofar ko ta fitilu ta bushe sai ya tsotso ciki, musamman in ka sauke gilashi kaɗan. Na farko-farko suna da kafofin fitar iska a jikin ƙofar bayan, a 1971 aka mayar da su gefe. Sabuwar roba ke maganin wannan. Bawul ɗin ruwanta kuma a cikin mota yake, ɓangaren fasinja, idan ya yi yoyo kafet ke sha, ƙarfen ƙasa ya ruɓe.

A nan ne masu sayarwa ke cin kasuwarsu, kuma ni an taɓa yi mini. Wani dillali ya sayar mini da mota yana rantsuwa hitarta lafiya lau, wai tiyon kawai aka cire saboda zafi. Da aka mayar da tiyon aka tayar da inji, ruwa ya ɓalle ƙarƙashin dashbod, jajaye da tsatsa, ya jiƙa wayoyi har fis ya ƙone. Ƙaramin lagireton ya daɗe da ruɓewa, an kewaye shi ne don kada a gani. Saboda haka, buɗe bonet ka bi tiyo biyun nan da ido har inda suka shige bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. In ka ga an lanƙwasa ɗaya ta koma inji, ko an toshe bakin da bolt, ka ɗauka hitar ta mutu, ka cire kuɗinta daga ciniki. Buɗe murfin lagireto inji na sanyi. Ruwa mai kauri ko mai ƙyalƙyalin gari alama ce an zuba maganin toshe yoyo, wanda ke toshe hita ma gaba ɗaya. Tambayi ko akwai tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, a ciki, domin cire shi al'ada ce a garejinmu, kuma injin da ba ya kai zafinsa hitarsa ba ta ɗumi. Sabon kafet a tsohuwar mota, ɗaga shi ka danna ƙarfen da yatsa. Mota mai ƙamshin turare da yawa, bari ta yi zafi a rufe, ka kunna fanka: wari mai zaƙi-zaƙi da maiƙo a gilashi ruwan hita ne, ƙaurin baƙin mai a 911 kuwa yoyo ne kan rigar salansa.

Kada ka yarda da "gas kawai esin ke so". Tsofaffin nan da gas ɗin R12 aka yi su, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshensa, kuma mayar da su R134a aiki ne na canza mai da robobi. Gwangwanin da aka rubuta R12 a kasuwa yana iya zama cakuɗen gas mai kama wuta. A 240Z ta Amurka ma esin ba daga kamfani yake ba, dillalai ne ke ɗora shi daga baya, kowa da irin aikinsa.

Akwai kuma masu ɗora ƙofar baya mai kafofi a kan 240Z ta baya-baya don ta ci kuɗin ta farko. Duba farantin da ke jikin madogarar ƙofar direba, a na Amurka akwai wata da shekarar ƙira, lambar shasi kuma ta fara da HLS30 in mai sitiyarin hagu ce. Hatta bawul ɗin hita ana saka sabon kwaikwayo a tsohon kwali a kira shi na asali. Na kwaikwayo mai kyau ba laifi, a dai sayar maka da shi a sunansa da farashinsa.

Ranar gwaji, ko 911 ce ko Datsun, tafi da ƙaramar na'urar gano kabon monoksaid mai batir, ka ajiye ta a kujerar fasinja. Yi tafiya gilashi a rufe hita a buɗe, sannan ka sauke gilashi ɗaya kaɗan ka sake. In ta yi kuka kuma mai motar ya ce na'urarka ce ke da matsala, miƙa masa makullinsa.